Ranar da Kajin Rum Suka Ƙi Cin Tsaba

Ai kajin nan ne suka jawo komai, wallahi! Tun jiya labarin yake cina, sai yanzu da 'yar tawa ta ƙoshi ta yi barci na samu na zauna. Ku matso, kar wanda ya katse ni.

Kun dai san mutanen Rum na wancan zamani ba su da sarki. Sun kori nasu tun kaka da kakanni, suka tsani kalmar har ko sarkin fawa ba sa yarda a ce da mutum. Majalisar dattawa ce ke riƙe da gari, su ake kira Iyayen Ƙasa. Duk shekara sai a naɗa shugabanni biyu. A shekarar da nake ba ku labari ɗayan yana can bakin teku da rabin runduna, Mamarkus ne kawai a gida. Su kuma talakawa suna da nasu mutum, Wakilin Talakawa. Wannan ba mai taɓa jikinsa, duk wanda ya shiga gidansa ya tsira, ƙofarsa ba a rufe ta dare da rana, shi kuma ba ya fita bayan ganuwa har shekararsa ta cika.

Wakilin shekarar sunansa Numeriyus. Amma ba shi za mu bi ba, yayansa za mu bi, Wolusus, Babban Mai Duba na birni.

Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba, nono ne ya haɗa su. Uwar Wolusus ta rasu wajen haihuwarsa, aka kai shi wa Inna Akka, matar wani manomi a gonar ubansa, ita ma a makon ta haifi Numeriyus, kwana biyu kacal Wolusus ya girme shi. Uban Wolusus, tsohon jarumi Opita, ya haɗa yaran ya rene su tare. To da ajali ya zo wa tsohon, sai ya ba ɗan cikinsa gonar Kwarin Zaitun da sandar duba mai lanƙwasasshen kai, ya ɗauki takobinsa ya miƙa wa ɗan manomi, ya ce, “Kai ka san abin da ake yi da wannan.” Wolusus yana tsaye a wurin. Maganar nan ta zauna masa a ƙirji kamar ƙashin kifi, shekara da shekaru ba ta wuce ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya ratsa kasuwa da farin mayafinsa mai jan baki, ya ji wata mai sayar da albasa tana ce wa 'yar'uwarta, “Kin gan shi can, yayan Numeriyus ne.” Ɗan Opita guda, Babban Mai Duba, wai ba shi da suna sai yayan wani!

Rigimar kuwa a kan gona take. Duk ƙasar da aka ci da yaƙi ta jama'a ce a baki, amma manya sun haɗiye ta, sun zuba bayi suna nome musu. Sojan da ya ba da jininsa sai ya dawo ya tarar ko inda zai shuka kabewa ba shi da shi. Numeriyus ya kawo doka: a kai igiyar awo, duk wanda ya riƙe abin da ya wuce ƙima a yanka a ba marasa shi. Aka sa ranar da jama'a za su taru a dandali su yanke.

Ana gobe taron, majalisa ta zauna. Mamarkus ya miƙe, ya gyara mayafi, ya ce, “Ya ku Iyayen Ƙasa, ginshiƙan birni, masu riƙe da amanar kakanni! Gonakin nan da ake so a sa wa igiya, a cikinsu kaburburan iyayenmu suke, a cikinsu itatuwan da muka dasa da hannunmu suke. Yau gona ake nema. Gobe wanda ya raba gonar zai ce a ɗora masa abin da muka rantse ba za mu sake ɗora wa kowa a ka ba.”

Shi Wakilin Talakawa ba a ba shi kujera a cikin zauren, wani ɗan benci ne a bakin ƙofa. Daga can Numeriyus ya tashi.

“Ranka ya daɗe Shugaban Shekara, ya ku Iyayen Ƙasa. Kun ce kaburburan iyayenku. To iyayen waɗanda ke tsaye a waje fa? Nasu suna can a bakin daga, ungulu ce ta yi musu jana'iza, don ku samu inda za ku binne naku. Ban zo neman komai a kaina ba. Na zo ne in roƙa wa mutumin da ya tsare muku ƙasa wurin da zai kafa garma.”

Wolusus yana zaune yana kallon fuskokin dattawa. Har waɗanda suka tsani yaron sun yi shiru suna saurare, wani tsoho ma har da gyaɗa kai bai sani ba. Shi kuwa da ya yi magana makon jiya a kan gyaran ɗakin bauta, rabinsu gyangyaɗi suka yi.

Da aka tashi, Mamarkus ya kama hannun Wolusus suka koma bayan ginshiƙi.

“Ɗan Opita, gobe sai an tambayi kaji ko?”

“Haka al'ada take, ranka ya daɗe.”

“Kaza kuwa ba a san ranta ba. Wata rana ta ci, wata rana ta ƙi.” Ya yi murmushi. “Kwarin Zaitun ma ai yana cikin abin da igiya za ta taɓa.”

Wolusus ya zare hannunsa ya ce, “Gonata ba ta dame ni ba.” Gaskiya ya faɗa. Da za a ce ya ba da kwarin duka a ga Numeriyus ya sauko daga dandamali kansa a sunkuye, mutane suna watsewa suna barinsa, da ya bayar.

Bari in gaya muku zancen kajin, don mutanen ba su san istihara ba, Allah ya tsare mu. Suna da wasu kaji na ɗakin bauta. Ba a taron jama'a, ba a fita yaƙi, sai an kawo kejinsu gaban kowa an buɗe an watsa tsaba. In suka rufar mata suna ci har tana zubowa daga bakinsu, to sama ta yarda. In suka ƙi, Mai Duba zai ɗaga sanda ya ce, “Wata rana,” shi ke nan kowa ya kama gabansa. Saboda haka akan bar su da yunwa kafin ranar, kowa ya san da haka, ba mai cewa komai. Amma a ciyar da su a ɓoye don su ƙi, wannan laifi ne da ake jefo mutum daga kan dutse a kansa.

Gari na wayewa Wolusus ya shiga akurkin shi kaɗai, ya sallami masu tsaro wai zai yi addu'o'insa. Ya fito da jiƙaƙƙiyar alkama daga cikin mayafi, ya yi ta zuba musu. Suka ci, suka ci, har ƙirjinsu ya kumbura suna tafiya da kyar. Ya share wurin tas.

Hantsi ya yi, dandali ya cika ya batse. Manoma sun kwana a hanya, tsofaffin sojoji sun zo da 'ya'yansu a kafaɗa. Aka ajiye keji, Wolusus ya rufe kansa da gefen mayafi, ya buɗe, ya watsa tsaba. Kaza ta farko ta fito ta kalli tsabar da ido ɗaya ta wuce. Ta biyu ta tsaya gyaran gashi. Zakaran ma kwanciya ya yi a rana ya miƙe ƙafa.

Wolusus ya ɗaga sanda, daɗi ya cika shi. “Wata rana!”

Dandali ya ɗauki wani irin nishi. Numeriyus ya sauko a hankali, ya tsaya gaban kejin, ya daɗe yana kallon ƙirjin zakaran nan, sannan ya ɗago ya kalli yayansa. Ya juya ya ce wa jama'a, “Kun ji. Ku koma lafiya, kar wanda ya ɗauki dutse.”

Wolusus ya tsaya jiran ya ga an watse an bar Numeriyus shi kaɗai. Ina! Sai mata suka fara kuka suna kama bakin mayafinsa, maza suka ɗaga shi a kafaɗa kamar shi ya yi nasara. Daɗin da Wolusus ya ji ko tsawon shan ruwa bai yi ba.

Ba a kai ga fita daga dandalin ba sai ga doki ya shigo a guje, kumfa har ƙirji, mahayin jini ya bushe masa a kunne. Ya faɗo gaban Mamarkus.

“Ranka ya daɗe, maƙiyanmu Tarbusawa sun sauko daga duwatsu! Sun ƙetare kogi, sun ƙone rumbunan bakin mashigi. Kwarin Zaitun suka nufa, in ba a tare su yau ba, a can za su kwana!”

Wolusus ya juyo da jin sunan gonarsa. Mamarkus ya hau dandamali ya sa aka busa ƙaho. “Ya ku mazajen Rum, zakokin fama, kowa ya ɗauko garkuwarsa! Kafin rana ta karkata muna bayan gari!”

Ba wanda ya motsa. Wani tsohon soja mai ido ɗaya, Hostus, ya tako gaba yana dogara mashi.

“Ranka ya daɗe, mu ai jahilai ne, ba ma yin komai sai da izini. A tambayi kaji.”

“A tambayi kaji!” dandali ya ɗauka.

Ba yadda za a yi, al'ada ce. Aka sake jawo kejin. Mamarkus ya matso kunnen Wolusus yana cizon haƙora. “Ka ce sun ci.”

“A gaban idon dubban mutane, ranka ya daɗe?”

Ya watsa tsaba. Kaji suka yi kamar ba da su ake ba. Ya ƙara watsawa. Ya durƙusa, Babban Mai Duba guda, yana kaɗa yatsa yana “kur-kur-kur” kamar tsohuwa a tsakar gida. Zakaran ya buɗe ido ɗaya ya mayar ya rufe.

Hostus ya ce, “Mai Duba, ko a dafa musu ne? Wataƙila ba sa son ɗanye.” Dariya ta ɓarke. Ya juya ga jama'a. “Da safe sun hana mu gona, mun haƙura. Yanzu sun hana mu mutuwa, sai mu ƙi haƙura?”

Wolusus ya miƙe, sandar ta yi masa nauyi kamar gungume. Kalma ɗaya ce za ta tashi rundunar nan, ya ce ni na ciyar da su, duban bai inganta ba. Ya ɗaga kai ya hango dutsen da ake jefo mutane, ya kalli Numeriyus. Ya ce, “Wata rana,” da muryar da ko na kusa da shi bai ji sosai ba.

La'asar na yi hayaƙi ya turnuƙe gabas. Wolusus ya hau ganuwa yana kallo. Ya san wace kusurwa ce wurin matsar man zaitun, ya san wace ce rumfar da aka shayar da su shi da Numeriyus. Hostus da abokansa kuwa suka kewaye kejin suka zauna, suka ce ba mai kusantarsa, ko da kuwa mai sandar ne.

Washegari da sassafe majalisa ta zauna a tsaitsaye, don yanzu gonakin rabin dattawan ne a gaban wuta. Numeriyus ya tashi daga bencinsa.

“Ya ku Iyayen Ƙasa, jiya mun yi wa sama tambaya biyu a rarrabe, ta ƙi duka. Wataƙila ba ta son a raba su. Yau a haɗa. A tambaya ko ta yarda mu fita yaƙi a kan cewa wanda ya tsare ƙasar zai samu rabonsa a cikinta. Shugaban Shekara ya rantse da haka a gaban jama'a, ni kuma in ce su ɗauki makami.”

Aka yi ta hayaniya, wani tsoho har ya yaga mayafinsa. Ana cikin haka ɗan aike na biyu ya iso ya ce wuta ta kama gonar Mamarkus. Mamarkus ya fita ya rantse.

Ku tuna fa, kajin nan rabonsu da abinci tun safiyar jiya. Wolusus na buɗe keji suka yi waje suna tattaka juna, suka rufar wa tsaba, tana zubowa daga bakinsu suna sake tsincewa. Zakaran har hannunsa ya sara. Kowa a dandali ya zuba wa Wolusus ido. Da bakinsa, da sandar ubansa a sama, ya ce, “Sama ta yarda.”

Ihun da aka yi sai da tantabaru suka tashi daga kan rufin gidaje.

A bakin ƙofar gari Numeriyus ya tsaya, don doka ba ta bar shi ya wuce nan ba. Ya kwance takobin Opita daga ƙugunsa ya miƙo da hannu biyu.

“Yaya, karɓi. Ni an ɗaure min ƙafa. Ka tsare mana kabarin Baba.”

Takobin da ya yi shekaru yana mafarki, ga shi an miƙo masa aro, runduna guda tana kallo tana yaba kirkin mai bayarwa. Ya karɓa, ya kasa cewa na gode.

Suka tarar da Tarbusawa sun baje a cikin kwarin, sun sare zaitun suna gashin nama, sun fasa tulunan ajiya. Rumawa suka jeru garkuwa na taɓa garkuwa, suka yi ta jefa mashi kamar ruwan sama, sannan suka zare gajerun takubba suka danna. Tarbusawa ba matsorata ba ne, suka ja da baya zuwa tudu suka kafe, har gefen hagu na Rumawa ya fara lanƙwasa. A nan ne Wolusus ya hango tutarsu an kafa ta a kan kabarin ubansa, an ɗaure dawakai a jikin dutsen. Ya yar da sanda. Mutumin da bai taɓa yanka ko rago da hannunsa ba ya keta sahu yana ihu, ya sare na farko, ya ture na biyu, mashi ya shige masa cinya bai tsaya ba sai da ya kai ga mai tuta ya kayar da shi. Da tuta ta faɗi Tarbusawa suka karye, aka bi su har kogi.

Yana kwance a jikin kabarin, jini na zuba, zuciyarsa fes karo na farko. Yau dai kowa ya gani. Ya kasa kunne ya ji abin da runduna ke kira.

“Numeriyus! Numeriyus!”

Mutumin da ko ƙurar yaƙin bai shaƙa ba! Hostus ya durƙusa yana ɗaure masa cinya, idonsa ɗaya na hawaye. “Sannu, yayan Numeriyus. Ka yafe min dariyar jiya. Ashe nonon nan bai tafi a banza ba.”

Aka zartar da dokar, igiyar awo kuma daga Kwarin Zaitun ta fara. Wolusus bai gama warkewa ba majalisa ta kira shi, ya shiga yana ɗingishi. Mamarkus ya miƙe, ko kallonsa bai yi ba.

“Ya ku Iyayen Ƙasa, ga mutumin da ya riƙe runduna yini guda har gonakinmu suka ƙone, sannan washegari kajinsa suka ci tsaba don ƙaninsa. A bakin ƙofa kun ga ladan da aka ba shi. Su biyun suka ƙulla, da mu aka yi wasa.”

Wolusus ya buɗe baki. Me zai ce? Ya ce don ya kayar da ƙaninsa ya ciyar da kaji? Dutse na jiransa. Ya ce Mamarkus ne ya fara zancen? Ginshiƙi ne kawai shaida. Ya rufe bakinsa. Aka karɓe sandar daga hannunsa, aka ce kafin rana ta faɗi a kama shi a tsare har a yi shari'a.

Ya fita yana bin gidajen abokai, 'ya'yan manya da suka ci suka sha a gidansa. Wannan a ce ba ya nan, wancan a turo ƙyaure tun daga nesa. Rana ta yi ja, ya fara jin takun masu kamu a bayansa. Duk faɗin birnin Rum ƙofa ɗaya ce a buɗe, wadda doka ta hana a rufe.

Ya daɗe a tsaye a bakinta. Sannan ya ɗaga ƙafar mai ciwon ya shiga.

Inna Akka na tsakar gida tana kwashe abinci, ta tsufa ƙwarai. Ta ɗago ta ce, “Au, ɗana ne? Sai yau? Zauna, ka rame.” Numeriyus ya taso ya shimfiɗa masa buzu da hannunsa, ya leƙa waje ya ce wa masu kamu, “Wannan yana ƙarƙashin inuwata.” Ya dawo ya zauna, ya tura masa akushi gabansa, ya rage murya yadda tsohuwar ba za ta ji ba.

“Yaya, za ka ci? Ko kai ma an riga an ba ka jiƙaƙƙiyar alkama da safe?”

Wolusus ya kalli akushin, ya kalli ƙaninsa. Ashe tun daga ranar dandali Numeriyus ya sani, bai gaya wa kowa ba, kuma ba zai gaya ba. A waje yara na wucewa suna ihu wai yayan Wakili ya dawo gida. Ya sa hannu ya ci, don yunwa yake ji.

Kai, ni har tausayi ya ba ni, ga dariya kuma! To ga mutuniyar can ta farka tana nemana. Don Allah duk wadda ta karanta ta tura wa 'yar'uwa, kar ki bar shi a wajenki ke kaɗai.